Babur mai ƙafa huɗu da yara uku a fadama: yadda abin ya faru da inda anka yi sake

Akwai wani babur da anka fara gani jefi-jefi a garin nan na Sakkwato, mai ƙafa huɗu da tayoyi masu kauri, wasu na ce mishi kwad, za ka gan shi wajen biki samari na wasa da shi ko kuma a gidan gonar masu hali. Lamarin da zan kawo a cikin danginmu ya faru, gidan mijin yayata, kuma sai da na nemi izininshi kafin in rubuta, sharaɗinshi ɗaya kada in kama sunan kowa. Ban kasance wurin ba lokacin da abin ya auku, asibiti na iske su, amma na zauna da yaron da kuma mutum biyu daga cikin 'yan aikin da sunka ɗaga babur ɗin, na kuma je na ga wurin da idona.

Alhaji, mijin yayar tawa, na da garka a fadamar Rima ta wajen Kwalkwalawa, albasa da rani, shinkafa in ruwa ya sauka. Duk wanda ya san wajen ya san matsalar, mota na da inda take tsayawa, daga nan sai rairayi sai laka, kuma dole a shiga da injin ban-ruwa da jarkar mai da buhunan taki. Da mashin ake yi a da, kullum sai an faɗi da kaya. Shi ya sa ya sayi kwad ɗin, na hannu, shigowar Kwatano, babu takardar bayani babu hular kwano. Kuma a faɗi gaskiya ya yi amfani ƙwarai, aikin da ake wuni ana yi sai ya koma na awa guda, don haka ni ba ina cewa abin banza ne ba ko a daina saye.

Ranar da anka kawo shi mai sayarwa ya faɗi wata magana da kowa ya riƙe, ya ce ba kuloci ba canjin giya, ko yaro na iya tuƙa shi. Yayata ta nuna damuwa tun lokacin, Alhaji ya ce mata "Haba, mi za ya same shi? Abu mai ƙahwa huɗu ina za shi hwaɗi?" To daga nan babban yaronsu mai shekara 13 ya fara hawa, yana zagaye wani fili shimfiɗaɗɗe gaban rumfar gona babanshi na kallo, 'yan aiki na yi mishi kirari ana cewa yaro ya iya. Makulli kuwa kullum yana jikin babur ɗin saboda mutum huɗu ko biyar ke amfani da shi, kowa ya ga wahala ce a riƙa neman wanda ya riƙe.

Hutun makaranta ya zo daidai da lokacin cirar albasa, sai anka tafi da yara gona. Bayan azahar manya sunka zauna ƙarƙashin mangwaro cin abinci, shi kuma ya ɗauki ƙanwarshi mai shekara 9 ya aza baya, autansu mai shekara 5 ya zaunar da shi gaba kan tanki tsakanin hannayenshi, sunka tafi kallon gulbi. An ji tashin injin, babu wanda ya miƙe, don an saba ji. Tafiya lafiya lau. Wajen dawowa ne ya so ya yanke hanya ya haye wata ganuwar ƙasa da anka tayar gefen hanyar ruwa, tsayinta zai kai ƙirjin babban mutum, kuma maimakon ya fuskance ta kai tsaye sai ya hau ta a karkace, ga ƙasar gefen ta jiƙe da ban-ruwan safe. Tayoyin ɓangaren gangare sunka nutse, babur ya fara jirkicewa, ƙaramin ya tsorata ya cafki hannun yayanshi daidai inda totur yake, injin ya yi kuka babur ya zabura ya kife. Autan an wurga shi cikin laka, ƙujewa kawai ya yi. Yarinyar kanta ya bugi bututun ƙarfe na ban-ruwa. Shi kuma babban, babur ɗin ya danne mishi cinya da gefen ciki.

Allah ya sa wani ɗan aiki na kusa yana gyaran kwalbati ya ga faɗuwar, ya yi ihu. Sai da maza huɗu sunka taru kafin ya ɗagu.

Nan zan tsaya a kan babur ɗin kanshi, domin har yau yawancin waɗanda na yi magana da su suna cewa gudu ne, alhali yaron ba gudu yake yi ba, wanda ya gani ya ce bai fi saurin mai keke ba. Kwad na manya irin na aikin gona nauyinshi na kamawa daga kilo 200 zuwa sama da 300, kamar buhun siminti huɗu zuwa shida ke nan, mashin ɗin 'yan kabu-kabu kuwa ɗan sama da kilo 100 ne. Ga shi da tsawo, mazauninshi na sama, tsakanin tayoyin hagu da na dama ba faɗi sosai, don haka in ƙasa ta karkata shi ma karkata yake yi gaba ɗaya, ba kamar mashin ba da kake iya tsayar da shi a miƙe ko ka sa ƙafa ƙasa ka tare. A kwad in ka sa ƙafa ƙasa tayar baya ce za ta taka ta. Masu ƙera shi sun yi shi ne a kan cewa jikin mai tuƙi na cikin abin da ke daidaita shi, in za ka hau tudu ka miƙe ka rinjaya gaba, in gangare ne ka ja jiki baya, in kwana ce ka kwanta cikin kwanar, in gefen tudu ne ka jingina wajen sama. Wanga dogon kujera da mutane ke gani su ce ai na mutum biyu ne, an yi shi dogo ne don mai tuƙi ya samu wurin matsawa gaba da baya. Yanzu ka duba yaro da bai wuce kilo 40 ba, ko ya san duk wannan nauyinshi bai isa ya rinjayi komai ba, balle an tokare shi gaba da baya da ƙanne ba ya ko iya motsi.

Sai totur. A mashin murɗawa kake yi, a kwad wani ɗan maɓalli ne kake turawa da babban yatsa na dama. Mutum in ya firgita abin da jikinshi ke yi shi ne ya ƙanƙame abin da ke hannunshi, to nan ƙanƙamewar ita ce ƙarin wuta. Duk wanda ya zaunar da ƙaramin yaro gaba ya ajiye hannun yaron kusa da totur ke nan.

Akwai kuma abin da na gano daga baya da ya ba ni tsoro. Tayar kwad iska kaɗan take so, wajen awo 3 zuwa 7 a ma'aunin da tayar mota ke shan 30 ko fiye, ana son ta yi laushi ta shimfiɗu kan rairayi. Ashe taya ɗaya ta taɓa sacewa anka kai wa mai faci ya ɗura mata iska har ta yi tauri kamar yadda ya saba yi wa kowace taya, ba laifinshi ba ne, bai taɓa ganin irinta ba. Taya ɗaya tauri uku laushi, babur zai riƙa ja gefe guda yana tsalle. Ba zan ce ita ta kayar da su ba amma ba ta taimaka ba. Adadin iskar da ake so na rubuce jikin babur ɗin.

Kuma ba shi kaɗai ke rubuce ba. Da na je na duba, jikin madigadi akwai sitika ta ɗan goge amma ana ganin hotunan, lamba 16 da da'ira an soke ta, mutum biyu kan babur an soke, hular kwano, da gargaɗin kada a hau da shi titi. Watanni abin na gona babu wanda ya tsaya ya karanta. Waɗannan gargaɗin ba ado ba ne, da rayukan mutane anka koye su. Kamfanin Honda ne ya fitar da irin wannan babur a 1970, mai ƙafa uku a lokacin, ya yi ta kifewa da mutane musamman yara har a 1988 gwamnatin Amurka da kamfanonin sunka yi yarjejeniya anka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku, mai ƙafa huɗu ya maye gurbi amma kifewar ba ta ƙare ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka matsayinta shi ne kada ɗan ƙasa da shekara 16 ya hau shi sam. A Ostireliya inda manoma ke amfani da shi sosai yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a gona, shi ya sa daga watan Oktoba 2021 sunka wajabta duk sabon kwad na aiki ya zo da wani ƙarfe a baya da ke hana shi kwanciya kan mutum in ya kife. Dalili kuwa da yawa daga waɗanda ke mutuwa ba buguwa ke kashe su ba, danne ƙirji ne, mutum na ƙasa shi kaɗai ba ya iya numfashi ba ya iya turewa. Da a ce ɗan aikin nan ba ya kusa, ko da babur ɗin ya ɗan matsa sama da inda ya sauka, da wani zancen ake yi.

Batun titi ma mutane ba su gane ba, gani suke kwalta ta fi aminci. Da yawa daga cikin baburan nan tayoyin baya a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa da gudu ɗaya, a rairayi tayar ciki na ɗan zamewa in an sha kwana shi ke nan, a kwalta kuwa tana kama ƙasa sai babur ya ƙi lanƙwasa ko ya ɗaga ƙafa. Samarin da ke fitowa da shi rakiyar amarya kan manyan titunan gari suna ɗaukar abokai biyu uku, wallahi duk na gan su sai gabana ya faɗi.

Mu koma fadama, domin abin da ya biyo baya shi ma darasi ne mai zaman kanshi. Da anka ɗage babur ɗin yaron na ihu, ƙafar ta juya ta gajarce, wani ya ce a miƙar da shi a ga ko zai taka, wani ya kawo ruwa, wani ya ce a aza shi mashin a kai wa mai ɗori tunda yana kusa. Wani dattijo da ke kula da garkar shi ya hana, ya ce wa Alhaji "Ranka shi daɗe, kak ka bari a aza yaron ga bisa mashin, a samo ƙyaure." Sunka ciro ƙyauren rumfa sunka kwantar da shi a kai ba tare da lanƙwasa wuya ko baya ba, sunka ɗaure ƙafar da sanda da rawani, sunka ɗauka da hannu har inda mota take. Likita ya ce wannan ya taimaka sosai. Ƙashin cinya in ya karye mutum na iya zubar da jini mai yawa ta ciki ba a ganin ko ɗigo a waje, kuma kowace jijjiga bakin ƙashin na ƙara yankan nama da jijiya. Ruwan ma gara da ba a ba shi ba, wanda za a iya yi wa tiyata ba a son ciki da komai. Ni ba na raina masu ɗori, akwai gidajen da sunka gada kaka da kakanni kuma mutane sun amfana, amma abin da ƙarfe mai nauyi ya danne har da ciki, sai an yi hoto an ga abin da ke ciki tukuna, mai ɗori ba ya ganin saifa ko hanta.

Yarinyar ce ta fi tayar min da hankali, kuma ita ce anka kusa mantawa. Ta tashi da kanta, ta yi kuka ta yi shiru, ɗan kumburi ne gefen kai sama da kunne, kowa ya ce alhamdulillahi ita ba abin da ya same ta, hankali duk ya koma kan yayanta. Gida anka mayar da ita wajen gwaggonta. Bayan magariba ta yi amai, ta sake yi, ta ce kanta na sarawa, ta fara barci ana tashinta da ƙyar. Gwaggon ba ta jira kowa ba ta tari keke ta kawo ta asibiti, hoton kai ya nuna tsagewar ƙashi da ɗan jini da ya taru, anka kwantar da ita ana lura da ita dare da rana, Allah ya taimaka bai kai ga aiki ba. Buguwar kai haka take, yaro na iya tashi yana magana daidai na wasu awanni alhali jini na taruwa a hankali. Amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi, rikicewar magana, jijjiga, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, ko ɗaya daga ciki ka gani asibiti ne a lokacin, ba sai gari ya waye ba. Kuma abin da ya dace tun farko shi ne duk wanda ke kan babur ɗin a kai shi a duba, har wanda ke cewa lafiyarshi lau.

Da hular kwano a kanta da wataƙila ko kumburin ba za ta yi ba. Na san abin da za a ce, zafin Sakkwato a watan Afrilu da ke wuce digiri 40 wa zai iya, haka anka yi ta faɗa a Janairun 2009 lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta hula ga masu mashin, har wasu sunka riƙa kifa ƙwarya a kai don kauce wa kamu, daga baya dokar ta yi sanyi kowa ya koma yadda yake. Amma alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawowa sun nuna hula mai kyau da anka ɗaure daidai na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, na raunin kai da kashi 69. Sai dai ta zama daidai kan mai ita, hular babba a kan yaro tun kafin ya kai ƙasa ta fice, hular leburan gini kuma ba ita ake nufi ba. Gumi na minti goma bai kai kwana a gadon asibiti ba. Haka takalmi rufaffe maimakon silifa, da tabarau saboda ƙura, sannan babbar riga ko mayafi ko hijabi mai jan ƙasa a tattare shi, don sarƙa da taya ba su barin abin da ya taɓa su.

An yi wa yaron aiki an sa ƙarfe a cinya, ya rasa zangon karatu guda, yanzu yana takawa yana zuwa gashin ƙashi. Abin da ya fi damunshi ba ƙafar ba ce, kullum cewa yake shi ya ja wa ƙanwarshi, ya daina sakin jiki da mutane. Na zauna da shi na ce mishi kai yaro ne, abin da anka nuna maka daidai ne shi ka yi. Kuma har zuciyata haka na ɗauka. Yaro ɗan 13 da anka yi wa kirari gaban mutane anka bar mishi makulli, in bai hau ba shi ne abin mamaki. Zagaye fili shimfiɗaɗɗe bai koya mishi komai game da tudu ba, sai ma ya sa shi da manyan duka sunka sakankance. Wasu sun yi ta cewa ƙaddara ce, na yarda ƙaddara ce, ba mai tsere mata, amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma a nan makulli ne ba a cire ba.

Alhaji bai sayar da babur ɗin ba, yayata ta so a sayar, sun daɗe suna ja. Abin da sunka tsaya a kai shi ne mutum biyu kawai ke tuƙa shi, dukansu magidanta, makulli na aljihun dattijon nan ko da fitsari mai tuƙi zai sauka sai ya zare. Ba ɗaukar kowa, babba ko yaro, ko tafiyar taku goma ce. Kaya ba su wuce abin da anka rubuta jikin kariyar ɗaukar kaya, a raba gaba da baya a ɗaure tamau, jarkar ruwa ko mai kuma a cika ta ko a bar ta wofi don rabin jarka na kaɗawa yana jan babur gefe. An sayi ɗan ma'aunin iska na ƙananan awo, kowace safiya a duba taya da birki da totur a ga yana komawa da kanshi in an saki. An fasa ganuwar nan an yi mata mahayi miƙaƙƙe an zuba tsakuwa, duk wani wuri mai karkata kuma an kafa sanduna, da ƙafa ake bin shi. In mutum zai shiga can ƙarshen garka shi kaɗai sai ya faɗi inda za shi kuma waya na jikinshi. Hula ita ce har yanzu ake fama, ɗaya na sawa ɗayan sai ya hango motar Alhaji.

Autan kuwa ya fara roƙon a saya mishi ƙaramin, irin na yara da ake gani wuraren wasa lokacin Sallah. Akwai su, masu ƙaramin inji da wata ƙusa da ake ɗaurewa a rage musu gudu, wasu har da igiyar da babba ke riƙewa ya kashe injin daga baya. In mutum ya ga dole sai ɗanshi ya hau irin wannan wajen wasa, ya tsaya kanshi ya duba girman abin daidai da yaron ne, ƙafarshi na kai matakala yana kama birki da yatsu ba tare da miƙewa ba, akwai hula daidai kanshi, filin shimfiɗaɗɗe ne an kewaye shi ba motoci ba mutane, kuma shi kaɗai zai hau ba a goya mishi ƙane. In mai hayar ya ce babu hula, ka ja ɗanka ku wuce wajen lilo. Yayata dai ta ce wa nata ya jira, keke ta saya mishi.